Hoton Fir'auna a Zauren Alhaji Garba

Ku da aka turo kwanan nan ku koyar a ajin manya, na ga yadda kuke shigowa. Waya a hannu, takalmi yana ƙyalli, a ganinku aikin bai wuce a tsaya gaban magidanta a karanto musu abin da ke cikin wayar ba. Ɗayanku har ya ce da ni, "Baba, ai labarin annabawa kowa ya sani, mene ne abin koyo a ciki?" Amsar baki a lokacin ba za ta yi masa daɗi ba. To ga amsar a rubuce.

Sunana Bala, a Soron Ɗinki aka haife ni. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka ba ni da takardar da ake ratayewa a bango, kuma an sha tuna mini da hakan a duk ofishin da na shiga. Amma na fi shekara ashirin ina koya wa 'yan dako da teloli da magina karatu da rubutu, sannan ina bi da su cikin labarin annabawa ta hanyar da ba a koya muku a kwalejinku ba.

Aikina na farko ba koyarwa ba ne, leburanci ne. Wasu malaman jami'a masu haƙo kayan tarihi sun zo tono a wani tsohon kango a bayan gari, suka ɗebi samari, har da ni. Na zo da ƙarfina na ɗaga diga zan sara, sai babbansu ya daka mini tsawa kamar zan sari ɗansa. Ya karɓe digar, ya ba ni cokalin magini da burushi da rariya. Wuni guda cur ina kankare wurin da bai fi tabarmar sallah faɗi ba. Duk tsingaron da ya fito, wato guntun fasasshiyar tukunya, ba a ɗaga shi sai an auna zurfin inda yake kwance. A nan na gane abu ɗaya da ya riƙe ni har yau: ƙasa hawa-hawa take, abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke samansa, kuma wanda ya cakuɗa su ya ɓata shaida har abada. Da aka gama aikin suka tafi da abin da suke so, ni kuma na kwashi ragowar tsingaron da suka zubar na cika buhu na kai gida. Tun daga ranar 'yan unguwa suka sa mini Bala Tsingaro. Da tsiya suka sa, ni kuwa na amsa.

Buhun nan ne ya haɗa ni da Malam Inuwa. Tsohon malamin yaƙi da jahilci ne, ya taɓa zama a Sudan yana karatu, ya leƙa Masar ya ga kushewun sarakunanta da idonsa. Yana da aji a zauren Alhaji Garba, wani ɗan kasuwar takalma, tsakanin la'asar da magariba. Ya ji labarin mahaukacin da ya tara fasassun tukwane, ya aiko a kira ni. Ya juya tsingaro ɗaya a hannunsa, ya ce, "Wannan a wane zurfi ka same shi?" Na faɗa masa. Ya ce, "Gobe ka zo ka share zaure."

Shara na yi, da wankin allo, da shimfiɗa tabarmi, har damina biyu ta wuce ban riƙe alli ba. Ku da aka ba ku aji ranar da kuka sauka daga mota, ba za ku gane amfanin wannan ba. A bakin ƙofa na koyi cewa magidanci ba yaro ba ne. Mutum mai 'ya'ya takwas in ya karanta harafi ba daidai ba ka gyara shi a gaban jama'a da gatsali, gobe ba za ka gan shi ba, kuma ba zai ce maka don me ba. Na koyi cewa ɗan dako da ya wuni da buhu a ka zai yi gyangyaɗi, kuma ba raini ba ne. Maganinsa ka ba shi abin da zai riƙe a hannu.

Kayan aikin Malam Inuwa ba su da yawa. Allo da alli. Babban tire cike da rairayi, a nan ake zana taswira da yatsa, a barbaɗa bula, shuɗin garin nan na wanki, a inda kogi ko teku yake. Kwalba mai faɗin baki da aka jera ƙasa kala-kala a ciki, don a nuna hawa-hawan da na faɗa muku. Sai uwa uba, faya-fayai guda uku irin na rufe ƙwarya, da ake ajiyewa a tsakiyar aji.

Faifan farko na nassi ne, abin da Littafi ya faɗa. Na biyu na masu tarihi ne, abin da mutane suka rubuta ko suka ji daga kakanni. Na uku na ƙasa ne, abin da aka tono aka riƙe a hannu. Duk wanda ya yi magana a aji, sai ya ɗauki tsakuwa ya ɗora a kan faifan da maganarsa ta fito. In ka ce Annabi Musa ya daki teku da sanda, tsakuwarka na kan nassi. In ka ce sarakunan Masar suna sa bayi yin tubali, sai a tambaye ka, a ina ka samo? In zanen jikin kushewa ne, faifan ƙasa. In kuwa a majalisar mai shayi ka ji, sai ka riƙe tsakuwarka a hannu har ka samo mata gida. Malam Inuwa yakan ce nassi ba ya jiran ƙasa ta gaskata shi, ita kuma ƙasa ba a sa ta faɗin abin da ba ta faɗa ba. Wannan ita ce sana'ar gaba ɗayanta. Tana da sauƙin faɗa.

Akwai faifai na huɗu, ƙarami, na mutum ɗaya. Bitrus sunansa, Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye a kudancin Kano, yana ɗaurin dilar gwanjo a Ƙofar Wambai. Ya zo ne don ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, ya daina jiran a karanta masa. Malam Inuwa ya karɓe shi, ya ce ya zo da faifansa. In mun zo kan labarin da ke cikin littattafan biyu, mu faɗi yadda ya zo a Alƙur'ani, shi ya karanto yadda ya zo a nasa, kowa ya ɗora tsakuwa a kan nasa faifan. Ba a haɗa su, ba a kuma gwara su. Inda suka yi daidai a gani, inda suka rabu a gani, a tashi a yi sallama.

Darasin tubali shi ne na farko da na ja da kaina bayan rasuwar Malam Inuwa. Bitrus ya karanto, yana bin layi da yatsa, inda Fir'auna ya hana Bani Isra'ila ciyawar kwaɓi amma ya ce kada yawan tubali ya ragu. Sai Baba Sule, wani tsohon ɗan dako mai tura baro, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Kai, wannan Fir'auna ɗan kwangila ne. Na yi wa ƙaninsa aiki a Fagge." Aka yi dariya. Ni kuma na sa aka kawo jar ƙasa, muka kwaɓa kashi biyu a ƙofar zaure, ɗaya da ciyawa ɗaya babu, muka mulmula tubali muka shanya. Da suka bushe na ba kowa ya jefar daga tsayin ƙirji. Marasa ciyawar suka tarwatse. Sannan na nuna musu hoton tubalin Masar da aka tono, ga karan ciyawa a jikinsa. Baba Sule ya ɗauki tsakuwa zai ɗora a nassi, ya tsaya, ya mayar da ita faifan ƙasa. Ya ce, "Ta nuna ana sa ciyawa. Ba ta ce wannan Bani Isra'ila ne suka yi ba." Mutumin da wata shida baya bai iya rubuta sunansa ba. Ran nan na san na zama malami, ko da wani ofishi bai sani ba.

Sai shekarar bama-bamai ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kuna yara amma kun ji ƙarar. Dokar hana fita, shingen sojoji a kowace ƙofa, mai babur ya sauka ya tura. Mutum ya daina yarda da wanda ke sahu ɗaya da shi. Duk inda aka ga maza sun taru a zaure, sai an tambaya me suke yi. Na dawo da ajin zuwa bayan azahar don kowa ya isa gida da rana. Bitrus bai fasa zuwa ba, a ƙafa yake ratsowa, littafinsa a cikin leda a ƙarƙashin riga. Muna cikin labarin Annabi Musa, mun fito da Bani Isra'ila daga Masar, na zana musu hanya a tire har bakin teku.

A makon ne Alhaji Garba ya sayo hoto. Kun san shi, har yanzu ana yawo da shi a wayoyi: busasshiyar gawa, baƙa, hanci a tanƙware, an rubuta a ƙasa wai gawar Fir'aunan Annabi Musa. Alhaji ya sa aka yi masa gilashi ya rataye a zauren, da kyakkyawar niyya. Ya shigo da kansa yana murmushi ya ce, "Malam Bala, ga gudummawata. Ka ga an gama magana. Ga aya, ga gawa."

Na yi godiya. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Sai wani tela a cikin ɗalibai ya yi abin da na koya masa, ya ɗauki tsakuwa ya ce, "Malam, wane faifai?"

Alhaji yana tsaye. Na ce, "Ayar da ta ce za a tsirar da jikinsa ya zama izina, tana kan nassi, mun yi imani da ita tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Hoton kuwa na faifan ƙasa ne. Gawar wani sarkin Masar ce, gaskiya ne. Amma irinta da yawa aka tono, kuma ba a sami rubutu a jikin ko ɗaya da ya ce shi ne ya bi Annabi Musa ba. Masanan ma kansu ba su daidaita ba. Zai iya zama shi, zai iya zama wani."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Wato ƙarya na rataye?"

Na ce, "Alhaji, ba ƙarya ka rataye ba. Wanda ya yi rubutun ƙasan ne ya faɗi abin da bai sani ba."

Ya fita bai yi sallama ba. Shi bai kai maganar ko'ina ba, na yi masa wannan shaidar, a gidansa kawai ya yi ƙorafi. Amma kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa ta dawo da wata kama. Wai Bala Tsingaro ya ce labarin Fir'auna tatsuniya ce. Wai yana auna Alƙur'ani da fasassun tukwane. Wai ya ajiye Kirista yana yi wa Musulmi wa'azi. A wata shekarar da sai a yi tsaki a wuce. A wannan shekarar irin wannan magana tana iya jawo wa gida wuta, daga kowane ɓangare. Mai kayan miya ya daina amsa gaisuwata. Aka aiko wa Alhaji cewa ya san waɗanda yake tarawa a ƙofar gidansa.

Bitrus ya same ni a hanya ya ce, "Malam, ni zan daina zuwa. In na janye ƙila su bar ku."

Na ce, "Kai ka sayo hoton?"

Ya ce a'a.

Na ce, "To Asabar ka zo da faifanka."

Limamin unguwa ya kira ni, Alhaji Garba na zaune a gefensa. Liman mutum ne mai ilimi, ya fi ni nesa ba kusa ba, kuma bai yi mini rufa-rufa ba. Ya ce, "Malam Bala, na bincika abin da ka faɗa. Ba ka yi saɓo ba, maganarka ma tana da hanya. Amma gari ba lafiya, kuma Alhaji yana da iyali a bayan zauren nan. Ga mafita. Ran Asabar zan zo da dattawa. Ka ɗauki hoton a gabansu ka ɗora a faifan nan naka na nassi, ka ce subutar baki ce. Mu kuma mu kashe maganar, ajinka ya ci gaba. In ba haka ba Alhaji zai rufe zaurensa, kuma ba zan ga laifinsa ba."

Alhaji ya ce, "Faifai ne fa kawai, Bala. Na kaba. Matata tana da goma."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. In na ɗora, gobe masu tono suka tabbatar wannan sarkin a kan gadonsa ya mutu da tsufa, telan nan da na rataya imaninsa a jikin hoto, me zan ce masa?"

Liman ya ce, "Wannan goben ce. Ni yau nake jin tsoro."

Ba zan ce muku ban auna ba. Zauren nan shi ne ajin. A nan Malam Inuwa ya koyar har ƙarfinsa ya ƙare, hukumar yaƙi da jahilci ma da wannan adireshin ta san mu, in babu shi babu ni a takardarsu. Kuma a shekarar babu mai hankalin da zai ba taron maza ɗaki.

Ran Asabar zaure ya cika har waje, yawanci ba ɗalibai ba ne, 'yan kallo ne. Liman da dattawa a kan tabarmar gaba. Na shimfiɗa faya-fayan kamar kullum. Alhaji ya sauko da hoton da hannunsa ya miƙo mini. Na karɓa, na fara da faɗin imanina a fili, da ayar, da cewa wanda ya ce na ƙaryata ta Allah ya isa tsakanina da shi. Na ɗora tsakuwa a kan nassi. Aka yi ta gyaɗa kai. Sannan na sunkuya na kwantar da hoton a kan faifan ƙasa.

Na ce, "Nan ne gidansa. Ba zan iya kai shi inda ba nasa ba."

Wani daga waje ya ce, "Kun ji ko! Taurin kai!" Liman ya miƙe ya ɗaga hannu, ya ce kowa ya watse, ba a taɓa kowa ba, mutumin nan Musulmi ne, magana ta ƙare. Wannan kalma tasa ita ta tsare ni, ban manta ba. Alhaji kuwa ya ɗauki hotonsa ya goge gilashin da hannun riga, ya ce, "Bala, gobe ka kwashe kayanka." Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

Hukuma ba ta ɓata lokaci ba. Ajin da ba shi da mazauni ba aji ba ne, suka cire sunana. Waɗanda suka yi hakan ba su taɓa zuwa sun ga me nake koyarwa ba, kafin nan ko bayan nan.

Washegarin Asabar ɗin da hantsi yaran Alhaji suka fito mini da kayana ƙofar gida. Ina tsaye a kansu ban san inda zan nufa ba, ɗakina ko allon ba zai ɗauka ba. Sai ga Baba Sule da baronsa. Bai gaishe ni ba ma, ya hau lodi. Allo a ƙasa, tire a kai, buhun tsingaro, kwalba a naɗe cikin tabarma.

Na ce, "Baba Sule, ina za ka kai su? An rufe aji."

Ya ce, "An rufe zaure dai. Malam, mun bar bayin Allah a bakin teku, Fir'auna na bayansu da dawakai. Ba a barin mutane a irin wannan wuri. Taho."

Ashe sun yi shawara shi da Bitrus da telan. A bayan layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai akwai wata rumfar kwano da ake tara dila, mai ita ya gudu garinsu saboda rikicin, ya bar wa Bitrus mukulli da izinin ya yi amfani da ita. A hanya sojan shinge ya tsayar da mu, ya sa muka sauke komai. Ya zazzage buhun, ya tsoma bakin bindiga cikin rairayin tire, ya ɗaga kwalbar ƙasa yana dubawa ta rana. Ya tambaya da gurɓatacciyar Hausa mene ne wannan. Baba Sule ya ce, "Makaranta ce, ranka ya daɗe." Sojan ya dube mu, ya dubi fasassun tukwane, ya yi mana alama da hannu mu wuce, da ganin fuskarsa ya yanke cewa mahaukata ne.

Waɗanda suka biyo mu ba su cika tabarma biyu ba. Sauran sun ji tsoro, ban kuma riƙe su a zuciya ba. Rumfar zafi kamar tanda, ga warin gwanjo, ga hayaniyar masu ciniki ta bayan kwano, sai na ɗaga murya kamar mai talla. A kan dila muka jingina allo. Zauren Alhaji ban sake shigarsa ba, yau shagon cajin waya ne. Har gobe akwai masu nuna ni a unguwa su ce ga wanda ya musa gawar Fir'auna, kuma wasunsu 'ya'yan mutanen da na koya wa rubuta sunansu ne.

Amma a rumfar nan na sake zana teku a tire na barbaɗa bula. Muka faɗi yadda labarin tsallake tekun ya zo mana, Bitrus ya karanto yadda ya zo masa, a karo na farko bai bi layi da yatsa ba. Aka tambayi faifan masu tarihi ta ina aka bi, ya ba da hanya fiye da ɗaya. Aka tambayi faifan ƙasa, na ce har yau bai ce komai ba, muka bar shi babu tsakuwa ko ɗaya, kuma ba wanda imaninsa ya girgiza. Telan ya sa yatsa ya tsaga bular gida biyu, muka haye da Bani Isra'ila.

Baba Sule ya miƙe ƙafafu, ya share gumi da hularsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, sun tsira. To Malam, saura shekara arba'in ɗin da suka yi a jeji. A rumfar nan za mu yi ta?"

Na ce, "A nan."

Ya ce, "To a samo mafici."